Motar da Ba Direba: Yadda Matafiyan Amurka Ke Raya Batirin Motar da Suke Ja a Bayan Motar-Gida

In ka tsaya da la'asar a watan Janairu a gefen babbar hanya mai lamba 10, daf da garin Quartzsite na jihar Arizona, za ka gan su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Manyan motoci ne masu tsawon safa, da labule a tagoginsu da na'urar sanyaya ɗaki a rufinsu. A bayan da yawa daga cikinsu akwai wata ƙaramar mota tana biye, tayoyinta huɗu a ƙasa, kamar maraƙi a bayan uwarsa. Ba kowa a cikinta. Sitiyarinta na juyawa shi kaɗai a kowace kwana.

Ga abin da yakan faru a irin waɗannan zangunan, har ya zama labarin da kowa ya sani. Dattijo ya wuni yana tuƙi, ya samu wuri ya tsaya. Ya sauko yana miƙa, ya zare ƙusoshin ƙarfen ja, ya kwance igiyoyin ƙarfe, ya naɗe wayar wuta. Matarsa ta fito da jaka, za su shiga gari sayen burodi da ruwan sha. Ya zauna a ƙaramar motar, ya murɗa makulli. Sai wani ɗan sauti, ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suka yi jaja-jaja suka dushe. Motar da ba ta sha ko ɗigon fetur ba tun safe, ga batirinta ya mutu murus.

Rashin burodi a daren nan ƙaramin abu ne, maƙwabci zai kawo wayar jan wuta a tayar da motar. Abin da ya kamata ya hana dattijon barci shi ne wata tambaya daban: tun ƙarfe nawa batirin ya mutu, kuma kilomita nawa ya yi yana jan mota mai nauyin kusan tan biyu wadda birkinta ba ya aiki?

Gida a kan taya, da 'yar rakiyarsa

Motar-gida mota ce da aka gina ɗaki a jikinta: gado, kicin, bayi, firji, da wurin zama. Akwai ƙanana, akwai waɗanda tsawonsu ya kai ƙafa 45, wato kusan mita 14. Kamfanin Winnebago, wanda aka kafa a 1958 a garin Forest City na jihar Ayowa, ya yi suna a wannan sana'a har wasu Amurkawa na kiran kowace motar-gida da sunansa, amma cibiyar ƙera su ita ce yankin Elkhart na jihar Indiyana. A 2021 ƙungiyar masana'antar ta RVIA ta ce iyalai miliyan 11.2 ne a Amurka suka mallaki abin hawa na irin wannan rayuwa, in an haɗa da ɗakunan da ake ja da wata mota. Da yawa daga masu su tsofaffi ne da suka yi ritaya. Da sanyi ya kama a Kanada da jihohin arewa, sai su nufi Arizona da Fulorida da kudancin Tekzas, su dawo in bazara ta shigo.

Da mutum ya kafa irin wannan mota a zango, ya haɗa mata ruwa da lantarki, ya fitar da rumfa, ba zai so ya tattara komai don zuwa kasuwa ko asibiti ba. Shi ya sa yake jan ƙaramar mota. Akwai masu ɗora ta gaba ɗaya a kan tirela, akwai masu ɗaga tayoyinta na gaba a kan 'yar kura mai taya biyu, amma mafi sauƙin haɗawa da kwancewa shi ne a bar tayoyin huɗu a ƙasa. Ana ɗaura wani ƙarfe a ƙashin motar ta gaba, a haɗa shi da ƙarfen ja mai hannu biyu, a ƙara igiyoyin ƙarfe biyu na ko-ta-kwana da wayar fitilu. Masu wannan harka na kiran ƙaramar motar kwaɗo, saboda a Turanci kalmar kwaɗo da kalmar abin da ake ja furucinsu ɗaya ne. Wasu kuma na kiranta da sunan ɗan kwalekwalen da babban jirgin ruwa ke ja.

Ba kowace mota ce ke jure wannan ba. A motoci masu giyar otomatik da yawa, injin ne ke juya famfon da ke zagaya da man giya, saboda haka in tayoyi na gudu inji na kashe, giyar za ta ƙone. Littafin da ya zo da motar ne ke yanke hukunci, kuma ƙungiyar matafiya da aka kafa a 1963 da sunan FMCA ta daɗe tana fitar da jerin motocin da masu ƙera su suka yarda a ja su haka. Jeep Wrangler na sahun gaba, domin ana iya sa akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyinta huɗu a firi, a raba tayoyin da giya gaba ɗaya.

Wa ke shan wutar?

Tambayar farko da sabon shiga ke yi ita ce: tun da tayoyi na juyawa, me ya hana batirin caji? Amsar na ƙarƙashin bonet. Altaneta, wadda ke cajin batir, bel ne ke juya ta daga inji. Ba ruwanta da taya. Inji na kashe, altaneta na kwance, duk abin da ya sha wuta a cikin motar daga batir kaɗai yake sha, ba mai mayarwa.

Masu shan kuwa suna da yawa. Na farko makulli ne. Dole sitiyari ya kasance a sake don motar ta bi kwana, kuma a motoci da dama hanyar sakinsa ita ce a bar makulli a murɗe a mataki na farko. Da an yi haka, rediyo da allon gaban direba da wasu ƙananan kwamfutocin motar sun farka, za su wuni suna jiran umarnin da ba zai zo ba.

Na biyu na'urar birki ce. Jihohin Amurka da lardunan Kanada kowanne da dokarsa, amma da yawa na buƙatar abin da ake ja ya kasance da birkin kansa in nauyinsa ya wuce wani mizani, kuma fam 3,000, wato kimanin kilo 1,360, shi ne mizanin da aka fi gani. Yawancin motocin zamani sun kai haka. Don haka ake ajiye wani akwati a gaban kujerar direba, mai hannu da ke riƙe da fedar birki. Da ya ji motar-gida ta rage gudu sai ya taka. Aikin nan na son ƙarfi, domin iskar da ke sauƙaƙa taka birki inji ne ke samar da ita, ga shi kuwa a kashe yake. Wasu akwatunan na da ɗan famfon iska a ciki, wasu da injin lantarki, kuma galibinsu daga soket ɗin kunna sigari suke jan wuta. Duk sanda aka taka fedar, fitilun birkin motar ma na iya kamawa daga batirinta. A hanyar da ke da gangara da kwane-kwane, ko a cunkoson birni, sau ɗaruruwa ke nan a wuni.

Mu yi lissafi da misali. Batirin ƙaramar mota yakan ɗauki abin da bai wuce amfiya 45 zuwa 70 na awa ɗaya ba. A ce namu 60 ne, kuma abubuwan da ke farke na shan amfiya 4. Tafiyar awa 8 ta cinye 32, fiye da rabi. Motar na iya tashi a daren farko, mai ita ya ɗauka lafiya lau. In bai kwance ta ba, ya kwana a haɗe ya ci gaba washegari, kafin azahar tulun ya ƙafe. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa ke ƙarewa.

Ga wata asarar da ba a gani nan take. Batirin tayar da mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, altaneta ta mayar masa nan da nan. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne. Duk sanda aka zuƙe shi ƙaf, wani farin gishiri na taruwa a jikin farantan, in ya daɗe ya ƙanƙare ba ya narkewa. Duk wanda ya taɓa amfani da sola a gida ya san yadda batirin da ake bari yana mutuwa kullum ke saurin tsufa. Cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6 a mita. In ya sauko wajen 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, ya kusa zama fanko.

Darasin motoci biyu

Honda CR-V, wadda masu karatu suka sani sarai a titunan Kano da Kaduna, ta daɗe tana cikin motocin da matafiyan Amurka suka fi ja. Littafinta ya shimfiɗa ƙa'ida: a kunna inji, a bi da giya mataki-mataki, a tsaya a firi, a bar injin ya yi minti 3, sannan a kashe a bar makulli a mataki na farko. Kada a wuce gudun mil 65 a awa, kuma a maimaita duk bayan awa 8 na tafiya. Don kare batir a doguwar tafiya, an ce a zare fiyus ɗin rediyo. Samfurin 2014 ne na ƙarshe da aka yarda a ja haka, domin daga 2015 an koma giya irin ta CVT. In ka taɓa ganin irin wannan mota da aka shigo da ita daga Amurka da wasu kunnuwan ƙarfe biyu suna leƙowa ta gabanta da ɗan soket a tsakani, to alama ce ta yi rayuwar kwaɗo.

Jeep Cherokee da ta fito daga 2014 ta koyar da darasi mafi tsauri. Sitiyarinta na lantarki ne. Wasu masu janta suka riƙa ganin gabanta na kama makyarkyata mai tsanani bayan an taka rami ko layin dogo, har sai an tsaya cak kafin ta lafa. Kamfanin ya fitar da wata waya ta musamman da ke barin na'urar sitiyarin a kunne lokacin ja, don ta riƙe tayoyin. Makyarkyata ta samu magani, amma na'urar na shan wuta sosai, tana iya ƙarar da batir cikin 'yan awoyi. Batirin na mutuwa, na'urar ta kwanta, matsalar farko ta dawo. A irin wannan mota, cajin batir a kan hanya ya zama wajibi kamar ƙarfen jan kansa.

Dabara ta farko: a toshe yoyo

Hanya mafi arha ita ce hana wutar fita. Zare fiyus na aiki, sai dai akwatin fiyus yakan ɓuya a ƙarƙashin sitiyari, inda dattijo ɗan shekara saba'in zai durƙusa da tocila a baki yana laluben abu mai girman farce, safe da yamma. Shi ya sa ake sayar da ɗan makunni da ake sa wa a madadin fiyus ɗin, a danna kawai. Wasu motocin, irin su a-kori-kurar Chevrolet Colorado mai jan taya huɗu, littafinsu cewa ya yi a cire wayar negatib daga kan batir gaba ɗaya. Nan ma akwai makunnin da ke yin aikin ba tare da an ɗauko sifana ba.

Amma a nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Wanda ya cire kan batir ya kashe soket ɗin sigari, ya kashe akwatin birkin da ke jikinsa. Dole a ja wa na'urar birki waya tata ta daban kai tsaye daga batir, da fiyus ɗinta. Kuma ko an yi hakan, birkin na ci gaba da shan wuta ba mai mayarwa. Akwai na'urorin da suka rage wannan dogaro: Air Force One na amfani da iskar birkin manyan motocin-gida masu shan gas, ReadyBrake kuma da igiyar ƙarfe yake jan feda, nauyin motar da kansa ne ke ja. Mafi yawan matafiya dai akwatin lantarki suke da shi.

Wasu na cewa ai suna kunna motar a duk inda suka tsaya shan mai. Yana ragewa, amma minti biyar na inji a tsaye ba ya biyan bashin awa huɗu.

Dabara ta biyu: a shayar da ita daga uwa

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a ja wayar caji daga motar-gida, wadda altanetarta ke aiki duk tsawon tafiya tana ba da bolt 13.8 zuwa 14.4. A bayan galibin motocin-gida akwai soket mai haƙora bakwai, ɗaya daga cikinsu an ware shi don wutar bolt 12. A gaban ƙaramar motar akan sa soket mai haƙora shida, a ba wayar caji haƙori guda, daga nan a kai ta kan fositib na batir. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace akwai wurare huɗu da ake tuntuɓe.

Na farko kaurin waya. Wuta kamar ruwa take a tiyo: in tiyon siriri ne kuma dogo, abin da zai fito a ƙarshe tsiyaya ce. A ma'aunin Amurka, lamba na ƙaruwa waya na sirancewa. Ɗauki motar-gida mai inji a gaba, inda wuta za ta yi tafiyar ƙafa 50 zuwa batirin baya, ta dawo wasu 50. In ana son tura amfiya 10 ta waya mai lamba 14, za a yi asarar bolt 2.5 a hanya. An fito da 14, an isa da 11.5, ƙasa da abin da batirin ke da shi, don haka wutar da za ta shiga ba za ta kai yadda ake so ba ko kusa. Da waya mai lamba 10, asarar bolt 1 ce kawai. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai rantse yana da wayar caji, amma batirinsa na mutuwa.

Na biyu hanyar dawowa. Wasu na dogara da ƙarfen ja ya zama musu negatib. Ƙarfen nan duk gaɓoɓi ne masu motsi, ga giris ga tsatsa ga ƙura. Wayar negatib ta daban ake ja, mai kauri daidai da ta fositib.

Na uku kariya daga gobara. Wayar caji na da batir a kowane ƙarshenta. In ta goge a jikin ƙarfe a tsakiyar hanya, wuta za ta taso mata daga gaba da baya. Fiyus ɗaya ba ya isa. Ana sa fiyus ko bireka a kusa da kowane batir.

Na huɗu komawar wuta. In motocin biyu sun kwana a haɗe, batir mai ƙarfi zai yi ta zuba wa mai rauni, kuma lokacin tayar da babban inji, kik ɗinsa na iya jan wuta daga ƙaramin batir ta siririyar waya. Ana hana wannan da rile da ke haɗa layin sai an kunna motar-gida, ko da dayod, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. Dayod na da kuɗin shigarsa: irin na yau da kullum yana cin kusan bolt 0.7, a layin da dama bolt ɗin ke ƙaranci. Saboda haka wasu suka koma ƙaramar caja da ake ɗaurawa kusa da batirin ƙaramar motar. Akwai masu daidaita yawan wutar da ke shiga su hana ta komawa, akwai kuma masu karɓar wutar da ta iso a raunane su ɗaga ta zuwa matakin caji. Ɗan faifan sola a bayan gilashi na taimaka wa motar da ke ajiye, amma abin da yake bayarwa bai kai ya ciyar da na'urar birki da sitiyarin lantarki ba.

A sani kuma, wayar caji aikinta riƙe cikakken batir a cike. Wanda ya tashi da mataccen batir yana fatan hanya ta cika masa shi, ya ɗora wa waya nauyin da ba nata ba.

Igiyar da ba a fatan ta yi aiki

A gaban kowace motar da aka shirya da kyau akwai wani ɗan makunni da bai kai akwatin ashana biyu ba, da ƙusar roba a cikinsa, da siririyar igiya da ke ɗaure a jikin motar-gida. In ƙaddara ta faɗa, ƙarfen ja ya karye, motar ta ɓalle, igiyar za ta fizge ƙusar, na'urar birki ta danne feda har motar ta tsaya. A daidai wannan lokacin wayar da ke tsakanin motocin biyu ta riga ta tsinke. Altanetar uwa ta yi gaba. A yawancin na'urorin, abin da ya rage tsakanin motar da ba direba da iyalin da ke tahowa a ɗaya hannun shi ne wutar da ke cikin batirinta.

Wannan ne ya sa nake ganin bai dace a ɗauki zancen nan a matsayin dabarar kauce wa wahalar tura mota ba. Mu da muka saba ganin ana jan mota da igiya a hanyoyinmu mun san ana zaunar da mutum a cikin ta baya, ƙafarsa a kan birki, idonsa a kan ta gaba. A tsarin Amurkawa an cire mutumin, an ba batir kujerarsa. Ba wanda zai yarda a zaunar masa da direban da yunwa ta galabaitar, yana gyangyaɗi a kan gangara.

Gwajin kuwa bai fi minti biyu ba, kuma ƙwararrun matafiya sun mai da shi al'ada kamar duba iskar taya. Da sassafe, bayan an haɗa komai, mutum ya buɗe bonet ɗin ƙaramar motar, ya ɗora jan bakin mita a kan fositib, baƙin a kan negatib. Ya ga 12.5 ko kusa da haka. Ya ɗaga hannu, matarsa ta tayar da babban inji. In lambar ta fara hawa ta haye 13, wuta na isowa. In ta tsaya inda take, akwai magana: ko fiyus ya ƙone, ko haƙoran soket sun yi kore da tsatsa suna son gogewa, ko kuma tun daga masana'anta ba a haɗa wa haƙorin wuta ba, abin da kan faru a wasu motocin. Sannan ya zare ƙusar makunnin nan da hannunsa, ya saurari akwatin ya taka birki, ya mayar da ita. Sai ya rufe bonet, ya zagaya ya ga fitilun baya na amsawa, ya hau.

Daga nan har zango na gaba ba zai ƙara ganin motar ba sai ta ɗan allon kyamarar baya, tana biye da shi a kowace kwana, da cikakken batir a kujerar direba.